Goron da Na Kai wa Kansila

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Inugu da hantsi, kan keken ɗinkina a kafaɗa, ƙullin tufafina a hannu. Shekara biyu ke nan da gama yaƙin basasa. A garin nan na yi samartakata, na iya yarensu har nakan yi faɗa da shi, amma ran nan sai da na tambayi hanyar unguwar Kol Kam. Ɗakin da nake haya a da, kusa da kasuwar Ogbete, na tarar da wani mai gyaran rediyo a ciki. Ya dubi hulata, ya dubi keken, ya ce, "Aboki, you don come back?" Na ce masa na dawo. Ya jawo mini benci, ya kawo mini ruwa, bai tambaye ni komai ba.

Ni kuwa 'yata na zo nema. Lokacin da rikicin ya tashi, matata Ngozi tana ƙauyensu, ta je jinyar mahaifiyarta da 'yarmu Hajara a goye. Mu Hausawan gari 'yan sanda suka tattara mu a tasha, suka loda mu a jirgi, aka yi Arewa da mu, hanya ta rufe a bayanmu. Da aka buɗe ta kuma ciwon mahaifina ya riƙe ni a gida, sai da muka rufe shi sannan na taho.

Kashegari na shiga motar ƙauyen. Gidan surukaina ya zube, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida. Wani tsoho maƙwabcinsu, Papa Okeke, ya fito yana dogara sanda. Ya gane ni tun daga nesa.

"Ogo," ya ce, haka suke kiran suruki, "zo ka zauna."

Ban zauna ba sai da ya faɗa mini. Ngozi ta rasu a tsakiyar yaƙi, ita da tsohuwarta, ciwon yunwa ne. Ya kai ni gindin wani lemo ya nuna mini wurin. Na durƙusa na yi abin da zan iya yi na addu'a, na yi kukan da ban yi ba ko a kan mahaifina. Da na natsa na tambaye shi yarinyar.

"Sistocin coci sun kwashi yaran da suka kumbura, an kai su Gabon a jirgin sama. Tana cikinsu."

"Ta dawo?"

Ya zuba tabar gari a tafin hannu, ya daɗe yana kallonta. "An kai ta Gabon. Abin da idona ya gani ke nan."

Na tambaye shi Ada, yayar Ngozi. Ya ce yaƙi ya watsa kowa. Na dawo Inugu da kalma guda a bakina, Gabon, ko gabas take ko yamma ban sani ba.

Bayan sallar la'asar na kai maganar gaban dattawan zango, a masallacin da ke bayan 'yan dabbobi. Liman ya ce abin da ya shafi wata ƙasa sai a nemi jakadanta. Na ji daɗin kalmar, don na san jakada. A garinmu jakada shi ne mutumin da sarki kan aiko wa dagaci lokacin haraji, a yanka masa kaza, a cika masa aljihu da goro, ya koma ya faɗi alherinku. Na ce a raina, in dai irin wannan ne, ai an gama. Sai wani masinja da ke aiki a ofishin gwamnati ya ce shi dai ya ji ogansa na cewa maganar ƙetare ta kansul ce.

"Kansila!" in ji wani mahauci. "Ai mun san gidansa. Shi ya raba mana rumfuna."

Haka muka ɗunguma mu uku, ni da ladan da mahaucin, da ƙullin goro fari ƙal da wani zakara mai jan wuya. Kansilan wani mai kantin magani ne, kakkaura, mai fara'a. Ya saurare ni da kyau har na kai ƙarshe, na ce ina roƙon ya aika ƙasar Gabon a dawo mini da 'yata. Ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Gabon? Malam, ni kwata nake sa a yashe. In shara ta taru a bakin kasuwa, ni ake zagi. Ikona ko tashar mota bai wuce ba."

Sai ya gane inda muka yi tuntuɓe. Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta. Ya ce wanda muke nema konsul ne, shi kuwa kansila ne, ya yi ta maimaita mana su a hankali kamar mai koya wa yara baƙi. Ladan ya ce ashe kamar sunan ce kawai, irin ta barkono da barkonon tsohuwa. Kansilan ya mayar mana da zakaran, amma ya ɗauki goro ɗaya ya ɗaga sama. Ya ce a wurinsu goro ba ya jin Turanci, don haka da Ibo ya yi addu'ar: duk inda yarinyar nan take, ƙafarta ta taka ƙasar ubanta. Ya fasa, muka ci tare. Ya ce shi bai san da konsul a Inugu ba, in gwada Anacha, fatakenta babu ƙasar da ba sa shiga.

Anacha a lokacin rabinta kango ce. Babbar kasuwa ta ƙone, mutane na ciniki a ƙarƙashin kwano da tabarma, amma hayaniyar tana nan yadda na san ta. Na sauka a zangon Hausawa kusa da bakin Kwara. Kwana kaɗan labarina ya zaga, har ya kai kunnen wani Bahaushe mai kwat da jaka, wanda ake kira Ɗanjuma Ejan. Ya ja ni gefe, ya kira ni ɗan'uwa.

"Wa ya ce maka konsul? Konsul ai yaro ne. Embasi ma ta ƙananan ƙasashe ce. Wanda ke samansu duka shi ne hai kwamishina. Hai, ka sani, sama ke nan."

Na ce na sani, alhali ban sani ba. Ya ce hai kwamishinan Gabon zai biyo ta Anacha ran Juma'a, direbansa kuwa abokinsa ne, amma sai an ajiye wani abu a hannu kafin a sa sunana. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na sauke kan keken nan da na yi dakonsa tun daga Arewa, na miƙa masa da hannu biyu, har ina yi masa godiya. Juma'a ta zo, na sa wankakkiyar riga na tsaya inda ya ce, tun safe har aka sauko daga masallaci. Ban sake ganin Ɗanjuma ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da Hausa ya cuce ni, har da rantsuwa.

Akwai wani dattijo mai sayar da goro a zangon, Alhaji Bawa, wanda ba ya rabuwa da rediyonsa. Ko alwala zai yi, tana jingine da buta. Ya ga na kwana biyu ban ci abin kirki ba, ya sa aka kira ni, ya turo mini kwanon tuwo.

"Ci tukuna, ɗana. Wauta ba ta hana cin abinci."

Da na ci, ya rage muryar rediyon. "Jakada, wurin wa ake aiko shi?"

"Wurin sarki, Baba."

"Sarki kuma a ina yake zaune?"

"A babban birni."

"To shi ya sa embasi, wato ofishin jakadanci, ba ka samunsa sai a Ikko. Hai kwamishina kuwa jakada ne sak, aikinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Ƙasashen da Ingila ta rena ne ba sa kiran ɗan aiken junansu ambasada, wai su 'yan ɗaki ɗaya ne. Na Gana hai kwamishina ne. Na Nijar ambasada ne, ga ta nan kuwa a bayan gidanku. Gabon renon Faransa ce. Hai kwamishinanta ko haifarsa ba a yi ba, kai har ka ba shi keke."

Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, ni ma na yi, don babu abin da ya rage mini sai ita. Na tambaye shi konsul fa. Ya ce shi ne wanda rediyo ke kira ƙaramin jakada. Shi wurin jama'a ake aiko shi: fatake, ma'aikatan jirgin ruwa, wanda fasfonsa ya ɓata, wanda ajali ya riska a baƙon wuri. Inda jiragen ruwa da Turawa suka yi yawa, nan ake samunsa, kuma a duk ƙasar nan ta gabas babu kamar Fatakwal.

Alhaji Bawa ne ya tsaya mini wurin wani Ibo mai ba da hayar kekunan ɗinki. A lokacin aka fara ɗinkin yawo da suke kira obioma, ka ɗora keke a kafaɗa kana kaɗa almakashi, mai yagaggen wando ya kira ka. Damina guda na yi ina zaga lungunan Anacha haka, har na mallaki keken, na sami kuɗin mota.

Fatakwal kuwa na same ta tana tafasa. Man fetur ya yi kuɗi, manyan motoci ɗauke da bututu suna kwana a kan titi, Turawa da jajayen wuya suna yawo da gajeren wando. Kowa sauri yake, kowa yana maganar kwangila. Ɗakin haya ya fi ƙarfin irinmu, sai na raɓa da wasu samarin ƙasarmu masu gadi da dako da yankan farce, a wani shago bayan kasuwar Kirik Rod. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tabarma ba ta bushewa, komai warin kifi yake. Can ne kewar gida ta kama ni sosai. Nakan zauna in ji babu abin da nake so a duniya irin fura mai tsami da inuwar darbejiya. Zazzaɓi ya kwantar da ni, wata mai sayar da kifi da na taɓa yi wa facin zani ta yi ta aiko mini da romo mai yaji har na miƙe. Ko sunanta ban sani ba, Mama kawai nake ce mata.

An gaya mini ofishin jakada da tuta ake gane shi, don haka duk ginin da na ga ƙyalle na kaɗawa a kansa sai na shiga. Na shiga kamfanin mai, na shiga otal, na shiga wani wurin da ashe kulob ne na masu wasan ƙwallo. Masu gadi, yawancinsu 'yan'uwana, har sun san ni, in sun hango ni sai su ce ga mai neman Gabon nan.

Wata rana ina kaɗa almakashi a wani titi kusa da tashar jiragen ruwa, sai aka kira ni daga bene. Ƙasan ginin kanti ne na igiyoyi da fentin jirgi, a saman taga kuwa ga wata 'yar tuta da ban taɓa gani ba. Wata mata mai tabarau, sakatariyar wurin, Madam Filo, ta nuna mini labulen da ya yage. Na kafa keke na kama ɗinki. Da na gama na ce mata da Ibo, "Don Allah, nan ne wurin konsul?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce nan ne, amma kada in sa rai da yawa. Ogan nata ɗan kasuwa ne, mai kantin da ke ƙasa. Wata ƙasar Turai ce ta ba shi tuta da hatimi don ya riƙa duba ma'aikatan jirginta, ko albashi ba ta ba shi, shi ake kira konsul na karramawa. Ba shi da haɗi da Gabon. Ta ce me na ajiye a Gabon. Na faɗa mata duka, tun daga gindin lemo.

"'Yarka 'yar wace ƙasa ce?"

"Nijeriya mana."

"To ko jakadan Gabon ka samu, ba nata ba ne. Kowane jakada mutanen ƙasarsa yake tsaro. Nata jakadan shi ne wanda mu muka aika can." Ta jawo kujera ta zauna kusa da keken. "Amma ba ka bukatar ko ɗaya. Ɗana ma an kai shi. Ya tafi ƙafafunsa a kumbure, ya dawo da kumatu yana gaishe ni da Faransanci. An dawo da yaran nan tun kafin ka baro Arewa. A filin jirgin garin nan na tsaya na ga ana sauke su."

Almakashin ya faɗi daga hannuna. Ta tambaye ni da wane suna nake nemanta, na ce Hajara. Ta girgiza kai.

"A cikin yaƙin nan, wace uwa ce za ta ɗaga murya a ƙauyen Ibo ta kira Hajara? Ta sake mata suna. Kuma duk yaron da aka sauke, danginsa ne suka zo suka karɓa. Matarka tana da 'yar'uwa?"

A nan take na tuna yadda Papa Okeke ya daɗe yana kallon tabarsa. Madam Filo ta ce in je inda mutanen garinsu ke taron ƙungiya ran Lahadi, a Anacha ko a Inugu, babu wanda ke ɓacewa a wurin taro. Na sauko daga benen nan, na bar kuɗin ɗinkin a kan tebur, sai da ta biyo ni da shi.

A Anacha na same su, suka nuna mini inda Ada take. Ada tana sayar da kayan gwangwani a wani lungu da na sha bi ina kaɗa almakashi a waccan damina. Ta gan ni, ba ta yi mamaki ba. Ta goge hannu a zani, ta ce, "Ogo, mun san ka zo. Papa Okeke ya aiko mini tun ran da ka je ƙauye. Na sha ganinka kana wucewa ta nan, in ja yarinyar ciki."

Na ji jini ya hau mini kai. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Na binne ƙanwata. Na binne 'ya'yana biyu. Wannan kaɗai jirgi ya dawo mini da ita. Ka zo ka kai ta inda ba zan ƙara ganinta ba?"

Fushin da na zo da shi ya bi iska, ya bar ni da tausayinta da nawa. Ta juya ta kira, "Nkechi!" Wata yarinya doguwa ta fito da tire a ka, goshin mahaifiyata ne sak, tafiyar kuwa ta Ngozi. Ta ɗaga ido ta ga hulata da doguwar rigata. Tiren ya faɗi, ta ƙwalla ƙara, ta ruga bayan wata randar ƙarfe ta ɓuya. Tun tana ƙarama abin da ta ji game da masu irin hular nan bai wuce abu ɗaya ba. Na cire hular na cusa a aljihu, na tsaya a rana da kaina a buɗe, amma ba ta fito ba.

A zango kowa ya ba ni shawara. Wasu suka ce in kai ƙara, ɗa na uba ne ko a al'adar Ibo, tunda na biya sadaki a gaban shaidu. Wani ya ce a bar shi da ita, mota ɗaya za ta shiga sai Kano. Gaskiya ce suke faɗa, ina da iko. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga yarinyar nan a bayan randa, in ce in na ɗauke ta da ƙarfi, na tabbatar mata da duk abin da aka gaya mata ke nan. An riga an ɗauke ta sau ɗaya ba da sonta ba.

Sai na nemi wata 'yar baranda a bakin lungun su Ada, na kafa kekena a can, na daina yawo. Alhaji Bawa ya zo ya ga wurin, ya yi dariya har da tari.

"To, ɗana, ka buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a unguwar Ibo. Kai ne konsul, mutumin ƙasarka kuma ɗaya tak, ita ma ba ta san da zamanka ba."

Haka ne kuwa. Da farko in Nkechi za ta wuce sai ta tsallaka ɗaya gefen titi. Daga baya ta riƙa wucewa ta gabana da gudu. Ada ce ta fara kawo mini rigar makarantar yarinyar ta ce ta yi mata kaɗan, na ƙara mata tsawo da ido, don ba ta yarda in gwada ta ba. Bayan wasu watanni Nkechi ta kawo da kanta, ta ajiye a bakin tebur, ta ja da baya. Ban taɓa ce mata ni ne wane ba, na san Ada ta gaya mata. Na mayar da hulata kaina, don ina so ta saba da ni a yadda nake.

Wata rana da yamma, shekara ta kusa zagayowa, suka biyo da wata ƙawarta daga makaranta. Maɓallin rigar ƙawar ya cire, Nkechi ta jawo ta har gaban kekena. Ina cikin ɗinkin wani wando, na ce su ɗan jira. Ƙawar ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauka ba na jin Ibo, ta ce, "Wai wannan abokin me ye naki?"

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da juya keke, kunnena duk yana wurinsu. Can sai na ji Nkechi ta ce, a hankali, "Shi ne wanda ya zo nemana."

Na yi ta juya keken nan har ƙafar wandon ta ƙare, sannan na ga ashe zare ya daɗe da yankewa, allura ce kawai ke huda yadi. Nkechi ta sunkuya ta tsinto bakin zaren daga ƙasa, ta miƙo mini a hannu.